Me malaman kimiyyar teku ke bincike a kai, kuma ina ruwan ɗan Gombe da shi?

Tambaya: Wani ɗalibi daga Bajoga, wanda ya gama digirin farko a ilimin halittu, ya aiko yana cewa yana son yin digiri na biyu a kimiyyar teku. Ya samu jerin malaman wani sashe a kudu, kowanne da abin da aka rubuta yana bincike a kai, amma ya kasa gane bambancinsu, balle ya san wanda zai nufa. Ga shi kuma mahaifinsa ya tambaye shi abin da ya haɗa ɗan Gombe da teku, ya rasa amsar ba shi.

Amsa: Ɗana, Allah ya yi wa karatu albarka. Jerin nan da ya rikita ka yana rikita har 'yan Legas da suka tashi suna jin ƙarar teku, don haka kada ka ɗauka nisan gida ne ya jawo. Dalili shi ne kimiyyar teku ba fanni ɗaya ba ce. Fiziks ne da kemistiri da ilimin halittu da ilimin duwatsu aka kwasa aka shiga ruwa da su, daga baya tattalin arziki da shari'a suka biyo sahu. Za ka tarar da malamai biyu ofis na kallon ofis, ɗaya bai taɓa riƙe kifi don aiki ba, ɗayan kuma bai taɓa rubuta lissafin igiyar ruwa ba. Idan ka ga an rubuta abu a gaban sunan malami, ka tambayi kanka abu biyu: wace tambaya mutumin nan yake son amsawa, kuma da wane kayan aiki? Da ka samu wannan, jerin zai warware.

Zan fara da ɓangaren da ɗalibai suka fi gudu, don a ganina shi ya fi shafar mu a nan. Akwai malaman da aikinsu motsin ruwan teku ne: zafinsa, gishirinsa, inda yake gudu, da yadda yake musayar zafi da danshi da iska. Ruwan teku yana ɗauke da kusan giram 35 na gishiri a kowace lita, kuma ɗan bambanci a zafi ko gishiri yana sa wani ruwan ya nutse wani ya taso. Ka gaya wa Baba cewa yawancin danshin da ke zama ruwan sama a gonarsa daga Tekun Atlantika yake tasowa. Iskar damina ce ke kwaso shi daga Mashigin Gini ta shigo da shi ƙasa, ta yi ta turawa arewa har ya iso mu a watan Mayu ko Yuni. Yadda za ta tura shi da ƙarfi ko ta yi sanyin jiki yana da nasaba da bambancin zafi tsakanin teku da doron ƙasa. An lura cewa a shekarun da ruwan Mashigin Gini ya yi ɗumi fiye da yadda aka saba, damina kan maƙale a kudu, mu a arewa mu yi ta kallon hadari yana watsewa. Bayan farin da aka sha a farkon shekarun 1970 da na 1983 zuwa 1984, mutane da yawa sun ɗora laifin kacokan kan sare itatuwa da yawan kiwo. A 1986 Folland da Palmer da Parker suka nuna alaƙar ruwan Sahel da zafin saman tekunan duniya, a 2003 kuma Alessandra Giannini da abokan aikinta suka ƙarfafa hakan da lissafin kwamfuta. Yau idan hukumar NiMet ta fitar da hasashen damina, zafin teku yana cikin manyan abubuwan da take dubawa, har da na Tekun Fasifik mai haifar da El Nino, wato ɗumamar ruwan can da kan rikita ruwan sama a sassan duniya.

Wannan aikin ba lallai sai da jirgin ruwa ba. Akwai na'urori kusan 4,000 na shirin Argo da ke yawo a tekunan duniya. Kowace tana nutsewa har mita 2,000, ta taso tana auna zafi da gishiri, ta aika wa tauraron ɗan'adam, ta sake nutsewa, duk bayan kwana 10. Akwai kuma na'urorin PIRATA da Barazil da Faransa da Amurka suka kafe a tsakiyar Atlantika tun 1997, wasunsu a Mashigin Gini. Bayanan nan kyauta ne a intanet. Mutum yana zaune a Gombe da kwamfutarsa zai iya sauke su ya gwada da ma'aunin ruwan sama na shekaru. Abin da ake buƙata shi ne lissafi da iya rubuta umarnin kwamfuta, kuma a nan ne ɗalibai ke tserewa. Shi ya sa masu wannan fanni suka yi ƙaranci a ƙasar nan, alhali masu auna ƙarfe a naman kifi sun yi yawa. Su dai malaman motsin ruwan teku ne ke bin tashin teku, wanda ya ƙaru da kusan santimita 20 tsakanin 1901 da 2018, da kuma zafin da teku ke haɗiyewa, kusan kashi 90 cikin 100 na rarar zafin da ɗumamar yanayi ta tara.

Hulɗar ma ba ta gefe ɗaya ba ce. Ƙurar hunturun da ke rufe mana gari, wadda da yawanta daga kwarin Bodele a Chadi take tashi, tana wucewa ta zuba a Atlantika da sinadarin ƙarfe da fosfaras, abincin ƙananan tsirran da ke shawagi a saman teku. Akwai masu bin sawun wannan ƙurar, kuma wanda ya tashi cikinta ba baƙo ba ne a maganar.

Sai masu binciken gaɓa. Najeriya tana da gaɓar teku ta kusan kilomita 853, daga Badagiri zuwa bakin Kogin Kuros, kuma kusan duk yashi ce da laka, babu dutsen da zai tare ruwa. Tambayar waɗannan malamai ita ce: yashi daga ina yake zuwa, ina yake tafiya, kuma wa ya tare shi? A gaɓarmu igiyar ruwa tana tura yashi daga yamma zuwa gabas. Da Turawan mulki suka gina katangun duwatsu a bakin tashar Legas wajen 1908 zuwa 1912 don kada yashi ya toshe wa jirage hanya, sai yashin ya taru ta yamma, gefen gabas kuma ya rasa mai ciyar da shi. Haka teku ta yi ta cin Bar Beach shekara da shekaru, har aka zo aka cike wurin da yashi aka gina Eko Atlantic a bayan wata katuwar katanga. A Ayetoro ta Jihar Ondo kuwa gaɓar laka ce, teku ta ci gidaje da makarantu, mutane suna ta ja da baya.

A nan Gongola ke shigowa. Kogin nan da ka sani yana tasowa daga tsaunukan Jos, ya ratsa Bauchi da Gombe, ya haɗu da Binuwai a Numan, Binuwai ta haɗu da Neja a Lakwaja, su gangara Neja Delta. Ita Delta ɗin kanta tarin lakar da kogunan nan suka yi ta kai wa teku ce. Ka je bakin madatsar Dadin Kowa a watan Agusta ka duba launin ruwan da ke shigowa tafkin daga sama, ja wur da ƙasar gonaki, sannan ka duba wanda ke fita ta ƙasan dam. Bambancin da ka gani laka ce ta kwanta a cikin tafki. Asara biyu ke nan: tafkin yana cikewa, Delta kuma an rage mata abin da take tsayawa da shi a gaban teku. Haka abin yake a Kiri da Kainji da Jebba da Shiroro, da Lagdo ta Kamaru. Malamin da ya rubuta cewa yana binciken jigilar laka ko sauyin bakin kogi yana buƙatar wanda zai auna masa wannan daga sama, kuma ɗalibinsa ɗan Fatakwal ba zai zo ya kwana a Dadin Kowa damina guda ba. Kai za ka iya.

Akwai abin da ya fi wannan kusa da ƙofar gidanku. Dutsen da ake fasawa a Ashaka a yi siminti a ƙarƙashin teku ya kwanta. Kimanin shekara miliyan 90 zuwa 95 da suka wuce, wani hannun teku ya ratsa ta kwarin Binuwai da Gongola ya bi ta Sahara. Wanda ya taɓa duba duwatsun wurin da kyau zai ga ɓawon wasu halittun teku da suka zama dutse, a naɗe kamar gammo, wasu sun cika tafin hannu wasu sun fi haka. Ana kiran su amonayit. Richard Reyment, wanda ya yi nazarinsu a shekarun 1950, ya sa wa wasu rukunoninsu suna Gombeoceras da Bauchioceras. Malaman da ke binciken tarihin teku suna karanta irin waɗannan duwatsu da baƙar lakar Pindiga don gane zurfin ruwan wancan zamani da yawan iskar shaƙa a cikinsa, masu neman man fetur kuma suna karanta su don nasu dalilin, musamman tun da aka fara maganar Kolmani tsakanin Alkaleri da Akko. Wannan ya fi dacewa da wanda ya karanta ilimin duwatsu, amma mai ilimin halittu yana da ƙofa ta wajen ƙananan halittun da suka daskare a dutse.

Yanzu ga ɓangarenka. Mafi yawan sunayen da ke jerin nan masu binciken halittun ruwa ne, kuma su ma kashi-kashi ne. Akwai masu filankton, wato ƙananan tsirrai da dabbobin da ke shawagi, waɗanda duk abincin teku a kansu ya dogara. Akwai masu halittun ƙasan ruwa, tsutsotsi da ƙaguwa da katantanwa, waɗanda da yake ba sa iya gudu, su ne shaidar farko idan ruwa ya gurɓata. Sai masu kifi, kuma aikinsu na ainihi ƙidaya ce: nawa ne a ruwa, shekarunsu nawa, yaushe suke ƙwai, nawa za a kama ba a karya iri ba. Bari in nuna maka yadda ake sanin shekarun kifi, don ka ga irin haƙurin da aikin ke so. Ana tsaga kan kifin ta bayan ido, a sa ɗan hantsaki a zaro wasu fararen duwatsu biyu daga cikin kunnensa, wani bai fi ƙwayar shinkafa ba. A wanke, a busar, a dasa a cikin roba mai tauri, a yanka siriri, a goge har haske ya iya ratsawa, sannan a sa a madubin ƙara girma a ƙirga zobban da ke ciki. A ƙasashen sanyi zobban a fili suke, don hunturu yana tsayar da girma. A ruwanmu mai ɗumi duk shekara sukan dushe, shi ya sa masu bincikenmu suka fi dogara da awon tsawo: ka tsaya a bakin ruwa da asuba da allon awo, kwale-kwale na isowa kana roƙon masunta su bari ka auna kafin mata masu saye su kwashe, wata bayan wata, har lissafi ya nuna maka yadda kifin ke girma. Da haka ake bin kifin bonga da sardin da jatan lande. Da haka kuma ake bin karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa a Dadin Kowa. Hanyar ɗaya ce, ruwan ne ya bambanta.

Abin da ya sa wannan ƙidaya take da nauyi, alƙaluman da hukumomi suka daɗe suna ambata sun ce ƙasar nan tana buƙatar kifi kusan tan miliyan 3.6 a shekara, abin da take samarwa kuwa bai wuce miliyan 1.2 ba. Giɓin shi ne kwalayen kifin ƙanƙara da kake gani a kasuwar Gombe. Yawancin abin da muke kamawa a gida ƙananan masunta ne ke kamo shi, shi ya sa doka ta hana manyan jiragen jan koma shiga mil 5 na farko daga gaɓa. Ko ana bin dokar, da abin da ke faruwa da masunci idan ba a bi ba, wannan ma fagen binciken wasu ne, kuma sun fi zama da mutane fiye da zama da kifi.

Dajin mangurof fage ne mai zaman kansa. Itatuwa ne da ke tsirowa a cikin ruwan zartsi, saiwoyinsu a waje, inda teku ke cika ta janye sau biyu a rana. Namu na Neja Delta shi ne mafi girma a Afirka, kuma nan ne ƙananan kifaye da jatan lande ke girma kafin su fita teku. Abubuwa biyu suka fi damun masu bincikensa. Ɗaya wani kwakwan ruwa ne da ake kira nipa, wanda aka kawo Kalaba daga Singafo a 1906, ya bazu yana ƙwace wuri duk inda aka sare dajin asali. Ɗayan kuma ɗanyen mai ne. Rahoton da Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar kan ƙasar Ogoni a 2011 ya samu sinadarin benzin, wata guba da ke cikin ɗanyen mai, a ruwan sha na Nisisioken Ogale fiye da ninki 900 na ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, ya kuma ce farfaɗo da yankin zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Daga nan aka samu masu binciken ƙwayoyin cutar da ke cin mai, da masu gwada dashen mangurof a lakar da aka wanke, da masu auna kabon ɗin da lakar ke ɓoyewa.

A kan gurɓatar ruwa zan yi maka gargaɗi, ko da wasu abokan aiki ba za su ji daɗi ba. Akwai wani irin aikin digiri da ya zama ruwan dare: a sayo kifi a bakin wani ruwa, a kai ɗakin gwaji, a auna ƙarafa masu guba irin su dalma da kadmiyom, a gwada da ƙa'idar duniya, a rubuta cewa akwai haɗari ko babu. Ɗalibi na gaba ya canza sunan ruwan ya maimaita. Yanzu kuma an koma yin haka da ɓurɓushin roba, wato gutsattsarin da bai kai milimita 5 ba. Matsalolin na gaske ne, amma awo sau ɗaya ba tare da tambayar daga ina abin ya fito, yaya yake canzawa tsakanin rani da damina, ba ya ƙara wa kowa sani. Malamin kirki a wannan fanni za ka gane shi da cewa yana komawa wuri ɗaya shekara da shekaru.

Sauran zan wuce su da sauri. Akwai masu kiwon kifi da haɗa abincinsa, wanda shi ya fi saurin zama sana'a idan ka dawo gida. Akwai masu taswira da hotunan tauraron ɗan'adam. Akwai masu bin ciyawar sargasum da ta fara cika gaɓar Afirka ta Yamma tun 2011 tana yaga wa masunta koma. Akwai masu shari'ar teku, da ke aiki da yarjejeniyar 1982 wadda ta ba kowace ƙasa ikon arzikin mil 200 daga gaɓarta. Tun da aka kafa ma'aikatar harkokin teku da tattalin arzikinta a 2023 kuwa, za ka ga kalmar tattalin arzikin teku ta bayyana a gaban sunaye da yawa. Wasu da gaske suke, wasu ado ne.

Wannan ya kawo mu ga yadda za ka zaɓa. Abin da aka rubuta a gaban sunan malami sau da yawa ya tsufa, wani tun lokacin da aka ɗauke shi aiki ba a taɓa ba. Wani kuma ya jera fanni takwas don kada ɗalibi ya wuce shi. Ka nemi abin da ya wallafa a shekara uku ko huɗu na baya, ka karanta ko da biyu, ka duba a wane ruwa ya yi aikin da kuma na'urar da ya yi amfani da ita. Idan na'urar a wata ƙasa take, ka tambaya ko har yanzu yana da hanyar kai samfur can. Ka nemi ɗalibansa na yanzu ka tambaye su wa ke biyan kuɗin kwale-kwale da na gwaji, don aikin ruwa yana cin kuɗi, kuma inda babu tallafin TETFund ko na waje, aljihun ɗalibi ne ke ɗauka. Ka tambaye su kuma shekara nawa waɗanda suka gabace su suka yi kafin su gama. Farfesa mai suna wanda ba a ganinsa bai kai maka matashin dakta mai shiga laka da ɗalibansa ba.

Wuraren da za ka duba: Jami'ar Legas tana da sashen kimiyyar teku kuma tana bakin tafkin Legas, Jami'ar Kalaba ta daɗe da cibiyar nazarin teku, Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure tana da sashen da ya karkata ga fasaha da yanayin teku. Cibiyar binciken teku ta ƙasa, NIOMR, da aka kafa a 1975 a Victoria Island, ba jami'a ba ce, amma masu bincikenta suna taya duba ɗalibai, kuma ta hanyarta ake samun shiga jirgin bincike. Kada ka haɗa waɗannan da makarantar Oron, wadda aikinta horar da ma'aikatan jirgin ruwa ne. Idan kuma ka zauna ka ga zuciyarka a kan tafki da kogi take, cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa ta fi kusa da buƙatarka, kuma babu faɗuwa a ciki.

Da ni ne kai, da digirin ilimin halittu a hannu da gida a Bajoga, zan nemi malamin da ke aiki a kan abin da kogi ke kai wa teku, laka ko takin zamani da ruwa ya wanke daga gonaki, ko kuma mai ƙidayar kifi da zai yarda in gwada hanyarsa a Dadin Kowa. In lissafinka da ƙarfi, ka daure ka nufi masu damina da teku, ko da zai ci maka ƙarin shekara ta share fage. Kafin ka rubuta wa kowa, ka koyi manhajar R ko Python har ka iya zana jadawali daga bayanan da ka sauke da kanka, ka kuma koyi iyo a wurin masunta, don ba kowane kwale-kwale ne ke da rigar ceto ba. Wasiƙarka kada ta wuce rabin shafi: ka ambaci aikinsa guda da ka karanta, ka faɗi tambayar da kake son bi, ka gaya masa kana da hanyar ɗibar samfur a Gongola rani da damina, sannan ka tambaye shi ko yana ɗaukar ɗalibai a zangon da ke tafe.